Faɗaɗa Babban Jet na Kafiretar Babur: Abin da Lamba ke Faɗa da Abin da Mahuji ke Ɓatawa

Tsakure

Wannan takarda ta duba al'adar faɗaɗa ramin babban jet na kafiretar babur da mahuji ko waya, da kuma ma'anar lambar da kamfanoni ke bugawa a jikinsa. Ta nuna cewa lambar tana bin tsari biyu mabambanta, na faɗin rami da na yawan man da ke wucewa, kuma haɗa su wuri ɗaya yana jawo kuskure. Ta lissafa yadda ƙarin faɗi kaɗan ke zama ƙarin mai mai yawa, ta auna wannan ƙari da abin da tsayin ƙasa da zafin rana suke buƙata a wurare irin su Kano da Jos. Matsayin takardar shi ne jet ma'auni ne, kuma wanda ya huda shi ba tare da ya sake auna shi ba ya bar na baya cikin duhu.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa zama a bencin gareji yana jiran a gama masa gyara ya san wannan magana: "Oga, mashin ɗin nan ba ya ja, a buɗe masa jet." Ya kuma san kishiyarta, wadda ta yawaita tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a biranen Arewa cikin 'yan kwanaki: "Yana shan mai, a matse min shi." Sai bakanike ya kwance kofin kafireta, ya zaro wata 'yar tagulla da ba ta wuce ƙwayar wake ba, ya ɗaga ta sama ya leƙa ramin da ido ɗaya, ya yanke hukunci.

A wasu ƙasashe wannan magana ta kusa zama tarihi. A Indiya, tun daga 1 ga Afrilun 2020 da tsauraran dokokin hayaƙi na BS-VI suka fara aiki, yawancin sababbin babura suka koma amfani da na'urar feshin mai da kwamfuta ke sarrafawa. Mu kuwa, Bajaj Boxer da TVS da Jincheng da Haojue da ke ɗaukar buhu daga gona zuwa kasuwa, da majinyaci daga ƙauye zuwa asibiti, akasarinsu kafireta ce a jikinsu, kuma za ta daɗe tare da mu. Saboda haka sanin 'yar tagullar nan ya shafi aljihun ɗan acaɓa da ɗan kabu-kabu, ya shafi tsawon ran injinsa, ya shafi iskar da muke shaƙa a go-sulo.

2.0 Yadda mai ke haɗuwa da iska

Tushen aikin kafireta tsohon ilimi ne. Daniel Bernoulli ya bayyana a 1738 cewa ruwa ko iska in suka ƙara gudu matsinsu yana raguwa, Giovanni Battista Venturi kuma ya nuna a 1797 yadda hakan ke faruwa a bututun da aka matse wuyansa. A 1893 Wilhelm Maybach a Jamus, da Donát Bánki da János Csonka a Hungari, suka fitar da kafireta mai fesa mai ta ɗan rami. Har yau ita muke gani, an dai yi mata gyare-gyare.

Fistin yana sauka ya zuƙo iska. Iskar tana bi ta maƙogwaron kafireta, inda hanya ta matse, sai ta ƙara gudu matsinta ya faɗi. Man da ke cikin kofi, wanda fulot ke riƙe shi a tsayi ɗaya, yana ƙarƙashin matsin iskar waje, don haka sai a turo shi sama ta cikin jet ya shiga maƙogwaro. Babu famfo, babu lantarki. Rami ne kawai yake ƙayyade yawan man.

Don fetur ya ƙone tas yana buƙatar giram 14.7 na iska ga kowane giram ɗaya. Inji ya fi ba da ƙarfi in haɗin ya ɗan yi kauri, wajen 12.5 zuwa 13 ga ɗaya, ya fi tattalin mai kuma in ya ɗan tsinke, wajen 15 zuwa 16 ga ɗaya. Na ari kalmomin kauri da tsinkewa daga madafa domin duk mai dama kunu ya san tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa.

Sai abin da ake yawan mantawa: babban jet ba shi kaɗai ke aiki ba. Daga sulo zuwa kusan rubu'in totur, ƙaramin jet da sukurunsa ne ke ciyar da inji. Daga rubu'i zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce da bututun da take zama a ciki. Duk da man yana fara bi ta babban jet, tazarar da ke tsakanin allura da bututunta ta fi shi matsewa, ita ce ke riƙe da linzami. Sai an murɗa totur ya wuce kashi uku cikin huɗu allura ta ɗaga ta ba da hanya, sannan babban jet ya karɓi mulki.

3.0 Me lambar jet take faɗa?

A nan ne ruɗanin ya fi yawa, kuma a nan zan ɗan daɗe.

In ka goge jet ka duba za ka ga lamba: 78, 85, 92, 100, 220. Yawancinmu mun ɗauka lamba lamba ce, wadda ta fi girma ta fi ba da mai, shi ke nan. A cikin kayan kamfani ɗaya kuma samfuri ɗaya hakan gaskiya ne. Da zarar an tsallaka zuwa wani kamfani maganar ta canza, domin tsari biyu ake bi.

Tsari na farko shi ne na faɗin rami. Kamfanin Keihin na Japan, wanda aka fi sani da kafiretocin Honda, da Dell'Orto na Italiya, suna buga lambar da ke nuna faɗin ramin a kashi ɗari na milimita. Jet mai lamba 100 raminsa milimita 1.00 ne, mai 85 kuma 0.85. Kafiretocin Sin masu alamar PZ, waɗanda suka cika kasuwanninmu, an ƙera su ne a kan samfurin Keihin, kuma wannan tsari suke bi.

Tsari na biyu shi ne na yawan man da ke wucewa. Kamfanin Amal na Ingila, wanda ya samu daga haɗewar wasu kamfanoni uku a ƙarshen shekarun 1920, yana gwada jet a kan na'ura: a ɗora masa ruwan gwaji a ƙayyadadden tsayi, a auna santimita kubik nawa ke wucewa a minti ɗaya, a buga wannan adadi. Mikuni na Japan, wanda ya fara ƙera kafireta da lasisin Amal, yana bin wannan hanya a jet ɗinsa masu kai mai kusurwa shida. Amma shi Mikunin yana da wasu jet masu zagayayyen kai da ba wannan tsari suke bi ba. Ke nan a kamfani ɗaya ma lamba 150 tana iya nufin abu biyu.

Bambancin ba na suna ba ne kawai, yana shafar lissafi. A tsarin Amal, tashi daga 200 zuwa 220 ƙarin mai ne na kashi 10 cikin ɗari, kai tsaye. A tsarin Keihin, tashi daga 100 zuwa 110, wanda a ido shi ma kashi 10 ne, ƙarin kashi 21 ne, kamar yadda za mu gani nan gaba. Wannan ne ya sa Keihin ke tafiya da gajeren taku: 98, 100, 102, 105, 108, 110. Masu zagayayyen kai na Mikuni kuma suna tafiya da biyu da rabi: 100, 102.5, 105.

Mai sayen hatsi ya san wannan matsala tun kafin a ƙera babur. Mudu sunansa mudu a kowace kasuwa, amma wanda ya saya da mudun wani gari ya zo ya sayar da na wani ya san ba ɗaya ba ne cinsu. Ba a cuce shi ba matuƙar ya san mudun da ake magana a kai. Cuta tana shigowa ne in an bubbuge gindin mudu aka bar shi da sunansa. Jet ɗin da aka huda aka bar masa tsohuwar lambarsa bubbugaggen mudu ne, ko da wanda ya huda bai yi niyyar cutar kowa ba.

Akwai kuma jet marasa tambari da ake sayarwa cikin leda, goma-goma. Lambar da ke jikinsu alkawari ce da ba a san wanda ya ɗauka ba. Na sha ganin biyu masu lamba ɗaya, a zura musu tsinken awo ɗaya, ya shige ɗaya salin-alin ya tsaya a bakin ɗayan. Zaren sukurunsu ma yakan bambanta, kuma jikin kafireta ƙarfe ne mai laushi. In aka ɗaura jet da ƙarfin tsiya zaren ya lalace, mai ya riƙa silalewa ta gefe ba tare da ya bi ta ramin ba.

4.0 Lissafin faɗaɗawa

Abu biyu ne ya kamata a bambance: faɗin rami, wato awonsa daga gefe zuwa gefe ta tsakiya, da filin rami, wato sararin da mai ke bi. Mai ba ya kallon faɗi, fili yake bi. Shi kuma fili ana samun sa ne ta ninka faɗi da kansa, sannan a ninka da 0.785. Rami mai faɗin milimita 1.00 filinsa 0.785 ne. Mai 1.05 filinsa 0.866, ƙarin kashi 10. Mai 1.10 filinsa 0.950, ƙarin kashi 21. Mai 1.20 filinsa 1.131, ƙarin kashi 44. Ƙa'idar da za a iya riƙewa a ka ita ce: duk kashi ɗaya da aka ƙara a faɗi, mai ya ƙaru da kashi biyu da ɗoriya.

Yanzu mu je gareji. A ce babur yana da jet 90, kuma a cikakken totur haɗinsa 13 ne ga ɗaya, daidai inda ake so. Mai babur ya ce a buɗe. Mahuji mafi ƙanƙanta da aka fi samu a shagon kayan gini shi ne na milimita 1. A ido, daga 0.9 zuwa 1.0 ba komai ba ne, bai kai kaurin takarda biyu ba. A lissafi ƙarin mai ne na kusan kashi 23, kuma haɗin ya sauka zuwa 10.5 ga ɗaya. In jet ɗin 85 ne tun farko, ƙarin ya kai kashi 38, haɗin ya koma 9.4. A wannan kauri inji yana shaƙewa, filogi ya yi baƙi, salansa ya riƙa fitar da baƙin hayaƙi, man da bai ƙone ba ya wanke baƙin man da ke jikin silinda ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa. Ringi ya ci kansa kafin lokaci. Mai neman gudu ya koma gida da babur mai tari.

Ko mahujin lamba na Amurka, waɗanda aka yi don aiki mai laushi, ba su tsira ba. Lamba 60 faɗinsa milimita 1.016, lamba 59 yana da 1.041, lamba 58 yana da 1.067, lamba 57 yana da 1.092. Har nan takun ya yi kyau, kusan kashi 5 na fili kowane mataki. Amma lamba 56 ya yi tsalle zuwa 1.181, ƙarin kashi 17 a taku ɗaya. Wanda ke bin su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya duba awonsu ba zai faɗa wannan rami.

Matsewa ma haka take, sai dai haɗarinta ya fi. A sauke jet daga 90 zuwa 80 don tattalin mai, fili ya ragu da kashi 21, haɗin ya tashi daga 13 zuwa kusan 16.5. A cikin gari, inda da wuya totur ya wuce rabi, ɗan acaɓa ba zai ga ragin kirki a shan mai ba, domin ba babban jet ne ke mulki a nan ba. Ranar da zai ɗauki buhu biyu da fasinja ya hau doguwar hanya ya murɗe totur har ƙarshe, ranar ce matsewar za ta nuna kanta. Waɗannan injina iska ce kaɗai ke sanyaya su, kuma ɗan rarar man da ke cikin haɗi mai kauri yana taimakawa wajen kwashe zafi. In babu shi, kan silinda ya yi zafi fiye da kima, mai ya fara fashewa da kansa ana jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, bawul ɗin hayaƙi ya ƙone, ko fistin ya huje, ko inji ya buga. Garin neman gira an rasa ido. A injina masu bugu biyu da ake zuba wa man 2T a tanki abin ya fi muni, tunda man da ke shafe fistin ta wannan ramin yake bi.

4.1 Siffar bakin rami

Da fili ne kaɗai ke magana, da lissafin sama ya wadatar. Amma yawan man da ke wucewa ya dogara kuma da siffar ramin. A ilimin gudanar ruwa an san cewa rami mai kaifin baki a siririn faranti yana wuce da kusan kashi 60 ne kawai na abin da filinsa ya kamata ya ba da, saboda ruwan yana tsukewa bayan ya shiga. Rami mai lanƙwasasshen baki mai santsi yana wuce da fiye da kashi 90. Jet na kafireta yana tsakanin waɗannan biyu, kuma kowane kamfani yana da nasa tsawon rami da nasa yankan baki. Shi ya sa jet biyu masu faɗi ɗaya daga kamfanoni biyu ba lallai su ba da mai ɗaya ba.

Mahuji ba ya girmama wannan siffa. Yana cinye yankan bakin da aka yi da gangan, yana barin zane a bango, yana barin ɗan ɓurɓushin ƙarfe a mafita. Tagulla tana da halin fizgar mahuji, kuma in a injin lantarki aka ɗaura shi, rawar da yake yi takan sa ya fitar da rami da ya fi faɗinsa, wani lokaci ma ba zagayayye ba. Sakamakon shi ne wanda ya huda da mahujin 1.0 bai san ko jet 98 ya yi ba ko 106.

Abin da ya fi damuna ma ba mahuji ba ne, domin mai hudawa ya san ya huda. Waya ce. Jet ya toshe, yaron gareji ya tsinko silin waya daga tsohon kebul na birki ya zura, ya jujjuya. Ƙarfen waya ya fi tagulla tauri. Sau ɗaya ba zai nuna ba, amma babur ɗin da ake yi wa haka duk wanke kafireta, jet ɗinsa yana faɗaɗa a hankali lambarsa tana nan daram. Yaron bai yi laifi ba, abin da ya ga ana yi ya yi. Iska mai ƙarfi da ruwan wanke kafireta sun isa, in kuma dole sai an zura wani abu, a sa silin burushi na roba ko silin wayar lantarki mai laushi.

5.0 Iskar Jos da iskar Kano

Akwai dalilai na gaskiya da ke sa a canza jet, kuma na farko shi ne nauyin iska. A bakin teku, a zafin digiri 15, mita kubik ɗaya na iska yana da nauyin kilo 1.225. Kano tana kan tsayin da bai kai mita 500 ba. Jos tana wajen mita 1,200, inda nauyin iska ya ragu da kusan kashi 11 in aka kwatanta da bakin teku. Tsaunin Mambila ya fi haka tsayi.

Mutum zai ɗauka sai a rage mai da kashi 11. Ba haka ba ne. Matsin da ke zuƙo mai shi ne dai ke tafiyar da iska a maƙogwaro, kuma kowannensu yana amsa wannan matsi ne gwargwadon saiwar nauyinsa, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da nauyin. Saiwar 0.89 ita ce 0.943, ke nan haɗin ya ƙara kauri da kusan kashi 6 ne kawai. Don a rage fili da kashi 6, faɗi zai ragu da kusan kashi 3. Babur ɗin da jet 100 ya yi wa daidai a Legas, 98 ko 97 zai nema a Jos.

Zafi ma haka. Tsakanin asubahin hunturu a Kano mai digiri 12 da azahar ɗin Afrilu mai digiri 40, nauyin iska yana raguwa da kusan kashi 9, haɗi ya ƙara kauri da kashi 4 zuwa 5, abin da ya yi daidai da lamba biyu a jet 100. A lura da alkiblar: zafi da tsayi duk ragin mai suke nema, ba ƙari ba.

Ina roƙon masu karatu su ajiye waɗannan lambobi kusa da na sashe na huɗu. Duk tazarar da ke tsakanin teku da tsaunin Jos lamba biyu ce zuwa uku. Duk tazarar da ke tsakanin hunturu da bazara lamba biyu ce. Mahujin milimita 1 a jet 90 lamba goma ya tsallaka a daƙiƙa biyar.

Ingancin man kansa yana da tasiri. Barasar itanol tana buƙatar iska giram 9 ne kawai ga giram ɗaya, mitanol kuma wajen 6.4, saboda suna ɗauke da iskar oksijin a jikinsu. Fetur ɗin da aka gauraya da su yana tsinka haɗi. A Fabrairun 2022 hukumomin Nijeriya sun tabbatar an shigo da fetur mai mitanol fiye da ƙima. Wanda ya huda jet a irin wannan lokaci don babur ya daina shessheƙa, man ya wuce, ramin yana nan.

Dalili na biyu na gaskiya shi ne in an canza yadda inji ke numfashi: an sa salansa mai buɗaɗɗen ciki, ko filtar iska mai saurin wucewa, ko an ƙara faɗin silinda. A nan mai yiwuwa ne a buƙaci jet mafi girma, amma taku-taku, ana gwadawa.

6.0 An bar jaki ana dukan taiki

A ganina, mafi yawan jet ɗin da aka huda ba su da laifi. Alamomin da ake ɗora musu suna da wasu iyaye.

Babur da ke yankewa a cikakken gudu yana iya zama mai ne ba ya saukowa da sauri daga tanki, saboda datti a famfon tanki, ko toshewar ramin numfashi na murfin tanki, ko fulot ya yi ƙasa. Kofi ya ƙafe, jet ya zuƙi iska. Ƙara faɗin jet a nan yana sa kofin ya ƙafe da wuri. Robar da ke haɗa kafireta da inji in ta tsage tana shigar da iskar da ba ta bi ta maƙogwaro ba, haɗi ya tsinke, musamman a sulo. Ƙurar hunturu tana toshe filtar iska haɗi ya yi kauri, sai a ce jet ya yi girma, ko kuma a cire filtar gaba ɗaya, haɗi ya tsinke, ƙura ta shiga ta goge silinda kamar sanfefa. Tafet da ya matse, ringi da ya gaji, filogi da ya tsufa, sarƙa da ta bushe, taya maras iska, duk suna rage ja. In matsalar a tsakiyar totur take, maganinta yana jikin allura: yawancinsu suna da tsagi da ɗan maƙalli, a sauke maƙallin allura ta ɗaga mai ya ƙaru, a ɗaga shi mai ya ragu, kuma ana iya mayar da shi yadda yake.

Babban jet shi ne na ƙarshe da za a tuhuma, kuma shaidarsa a cikakken totur kaɗai ake karɓa. Gwaji biyu sun wadatar ga wanda ba shi da na'ura. Na farko, a hanya mai fili da inji ya ɗumama, a buɗe totur har ƙarshe a babban giya, sannan a ɗan sassauta kaɗan; in babur ya ƙara ja da aka sassauta, jet ya yi ƙanƙanta, in kuma ya yi ɓurɓur kafin ya daidaita, ya yi girma. Na biyu, a sa sabon filogi, a yi gudu da cikakken totur, a kashe inji a cikin gudun tare da kama kulochi, a tsaya a cire filogin a duba can gindin farin tangaran ɗinsa. Fari fat alamar tsinkewa ce, baƙin toka alamar kauri, ruwan ƙasa-ƙasa shi ake nema. Filogin da aka bari ya yi sulo kafin a cire labarin ƙaramin jet yake bayarwa. Na'urar auna oksijin a hayaƙi, wadda Bosch ya fara sa wa motoci a 1976, tana da samfurin da ke nuna haɗi da lamba kai tsaye, kuma ya kamata kowace kwalejin fasaha da ke koyar da kanikanci ta mallaki ko da guda ɗaya. A yi duk gwajin inji a sarari: haɗi mai kauri yana fitar da iskar kabon monoksaid da yawa, wadda ba ta da wari kuma tana kisa a rufaffen shago.

7.0 In hudawa ta zama dole

Ban zo in ce kada a taɓa huda jet ba. Bakaniken da ke ƙauye mai nisan tafiyar yini daga kasuwar kayan gyara, ko mai gyaran tsohon babur da an daina yin kayansa, ba za a ce masa ya je ya sayo ba. Ina girmama hikimar da ke sa a tayar da inji da abin da ke hannu. Abin da nake nema shi ne a yi ta da awo.

A ajiye jet na asali, a huda wani ƙarami da aka tanada don gwaji. A nemi ƙananan mahuji masu takun milimita 0.05 ko ƙasa da haka, a auna kowanne da maikuromita kafin a yi amfani da shi, domin abin da aka rubuta a leda ba koyaushe ne gaskiya ba. A riƙe mahujin a ɗan marikin hannu, a juya da yatsu, ba da injin lantarki ba, a bi ta inda mai ke shiga, kada a taɓa yankan bakin. A busa, a wanke, a duba ɓurɓushi. Taku ɗaya, sannan gwaji, kuma in za a yi kuskure gara a yi shi ta ɓangaren kauri, tunda baƙin filogi ya fi hujajjen fistin arha. Wasu suna cike rami da dalma su sake hudawa in sun zarce. Yana fitar da mutum daga daji, amma dalma ta fi tagulla laushi kuma siffar ramin ta riga ta tafi.

Sannan a auna abin da aka yi, ta hanyar da Amal ke bi, da kayan da kowa ke da su. A sami gorar roba, a huda murfinta a ɗaura jet, a yanke gindinta, a kife ta, a ja layi biyu a jikinta. A zuba kananzir har ya wuce layin sama, a nesa da wuta, a ƙirga daƙiƙun da zai ɗauka daga layin sama zuwa na ƙasa da agogon waya. A yi haka da jet na asali, a yi da wanda aka huda, kowanne sau uku. In na asali ya ɗauki daƙiƙa 60 wanda aka huda ya ɗauki 50, an ƙara mai da kashi 20. Wannan awo ba zai ba da lambar kamfani ba, amma zai faɗi gaskiyar tazarar da ke tsakanin jet biyu, har da tasirin siffar baki da maikuromita ba ya gani. Da shi kuma ake iya tantance jet ɗin leda marasa tambari kafin a ɗaura su. Malamin kanikanci zai iya koyar da shi a darasi ɗaya.

Abu na ƙarshe ba ya ɗaukar minti ɗaya. Duk jet ɗin da mahuji ya shiga, a goge lambarsa da fayil, a yi masa tsagi biyu a gefe, a faɗa wa mai babur abin da aka yi da faɗin da aka kai. Babur yana canza hannu, yana canza gari, kuma wani bakaniken ne zai buɗe wannan kofi bayan shekara biyu, ya ga 90 a rubuce, ya yarda da ita, ya kwana uku yana neman ciwo a fulot da allura da filogi.